Shekarar da Muka Gyara Matakalar Bene

Na sha jin kuna faɗa wa junanku cewa ni da kawunku Alhaji Ummaru mun ɓata ne a kan gadon gida. Har 'yar'uwarku Sa'adatu ta taɓa tambayata a waya ko gaskiya ne na hana a sayar da gidan Baba don in ci shi ni kaɗai. Ban yi fushi da ita ba, abin da ta ji ta faɗa. A shekarar da abin ya faru babu ɗayanku a Ƙaura, wasu na ɗakin aurensu, wasu na wajen neman abinci a Gusau da Kaduna, ni kuwa ban iya dogon bayani a waya ba. Yanzu da ƙarfi ya ja baya, gara in zauna in rubuta muku yadda aka yi, kada in tafi in bar ku da rabin magana. Ba a kan gado muka saɓa ba. A kan matakala ne, da mutanen da na gyara ta dominsu.

Gidan Baba, kakanku, kun san shi, gidan ƙasa ne irin na da. Ya gina shi zamanin da gyaɗa ke da daraja, lokacin da jirgin ƙasa ke zuwa Ƙaura ya kwashi buhuna ya juya, don a nan layin dogo ya ƙare. Da Allah ya buɗa masa a awon gyaɗa sai ya ɗora bene a kan soronsa, ɗaki guda mai faɗi da 'yar farfajiya a gabansa. Matakalar ta ƙasa ce ita ma. Daga tsakar gida take tashi, ta bi jikin bango, ta karkata, sannan ta kai ƙofar benen. A farfajiyar nan Inna ke shanya kuɓewa da barkono, mu kuma muna yara mu hau mu zamo da gindi har zannuwanmu su yage, a yi mana duka, gobe mu koma. Bayan rasuwar Baba da Inna aka kulle benen. Da mahaifinku ya rasu na gama takaba, na dawo gidan na zauna a ɗakin Inna, ina 'yar sana'ata ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Benen kuwa sai a yi shekara ban leƙa shi ba.

A wata damina mai yawan marka indararon da ke sama da matakalar ya tsage. Maimakon ruwa ya zuba nesa, sai ya riƙa bin bango yana sauka a gindinta. Wata rana da hantsi ina tuƙa tunkuza na ji rugum a bayana. Ko da na waiwaya, tsakiyar matakalar ta zube, azarorin da ke riƙe da ita sun fito fili, gara ta cinye cikinsu, in ka matsa da yatsa sai su nutse. Saman ya rage a maƙale da bango, ƙasan ya zama tsibin laka. Ba wanda ya ji ciwo. Na yi wa Allah godiya, na ce a bar ta, wa zai hau?

Bayan kaka abubuwa suka ƙara lalacewa a ƙauyuka. Ƙanwata Rabi, gwaggo Rabinku, ta baro Galadi da 'ya'yanta da jikokinta, suka iso a kan babura, kowa da ƙunshinsa a cinya. Mijinta ya tsaya can wajen 'yar sauran gonar. Na buɗe musu duk ɗakunan ƙasa, har ɗakin ajiya, gida ya cika maƙil. Ina ganin iyakar abin da zan iya ke nan, sai ga Jumma.

Jumma ba baƙuwa ba ce a gidan nan. Mahaifinta ne ke kiwon shanun Baba a rugarsu ta wajen Moriki, mahaifiyarta kuma ke kawo wa Inna nono da man shanu. Tun muna 'yan mata take biyo uwarta, ta sauke ƙwarya a tsakar gida mu shiga wasa har a gaji da kiranta. Na girme ta kaɗan, shi ya sa take ce mini Adda, wato yaya da bakinsu. Ranar da ta zo, bayan la'asar ne, ta yi sallama a zaure na fito, na tsaya ina kallonta ban gane ta ba. Tun da nake ban taɓa ganin Jumma babu ƙwarya a ka ba. A bayanta matar ɗanta ce, Dije, da goyo, da wasu ƙananan yara suna riƙe da zanenta.

"Adda Kulu, mun taho," in ji ta.

"Lale. Ina shanun?"

"Sun tahi da su."

"Ina Buba?"

Buba shi ne ɗanta, mijin Dije. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai daga baya na ji labarin: mutanen daji, 'yan bindiga, sun zo rugar sun ce ko ya bi su ko ya ba da shanu, ya ƙi bin su, suka harbe shi, suka kora garken. Da matan suka gudu zuwa ƙauyen da ke kusa, mutanen ƙauyen suka ƙi karɓarsu, don a idonsu duk mai jin Fillanci ɗan leƙen asirin daji ne. Daji ya kore su, gari ya ƙi su. Jumma ta ce ta duba duniya ba ta ga ƙofar da ta sani ba sai tamu.

Na shimfiɗa musu tabarmi a ƙarƙashin rumfar da nake suya. Rani ne, ana iya kwana a waje. Na ga yadda Rabi ta tattara jikokinta ta tura su ɗaki. Washegari ta same ni a bakin murhu.

"Yaya, su muka gudu, kuma kin kawo muna su har cikin gida?"

"Ba su kunka gudu ba, Rabi. Abin da ya koro ki shi ya koro ta."

Duk da haka ta daɗe ba ta gaida Jumma ba.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce Asabe, maƙwabciyata, mai daddawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma akwai wata kafa a jikinta inda muke miƙa wa juna garwashi da gishiri, mu tsaya hira har tuwo ya kama. Ɗanta Lawali, shi kaɗai namiji gare ta, an tare shi a hanyar gonarsu ta Kurya Madaro shekarar da ta gabata, aka kashe shi aka ɗauke babur ɗinsa. Ni na zauna da ita kwanakin zaman makoki. Ranar da ta ji Fillanci a tsakar gidana, ta sa aka toshe kafar nan da tsohon kwano. Masu sayen ƙuli-ƙulina suka ragu, yaran da ake aikowa sayen mai suka koma wani gida. Har mai unguwa ya aiko kirana. Na je, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa ko su wane ne da yadda iyayenmu suka zauna. Na ce mata ne da yara, in aka same su da wani abu ni a kama. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in je Allah ya rufa asiri.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne damina. Rumfar kara ba ta tare ruwa, kuma ga jariri. Ɗaki ɗaya ne ya rage a duk gidan, kuma yana sama. Na sa aka aro tsani, ɗan Rabi babba ya hau ya duba, ya ce rufin lafiya lau, ko ɗigo babu, sai kashin jemage. Ɗaki na nan, hanyar zuwa gare shi ce babu. Ba za a ce mace da goyo ta riƙa hawa tsani ba. Nan na ƙudura a raina sai an tada matakalar kafin ruwa ya sauka.

Tun da gidan namu ne duka, na kira Yaya Ummaru na faɗa masa. Sai ga shi da kansa daga Gusau ranar Asabar. Ya tsaya ya dubi tsibin ƙasar, ya dubi rumfar da su Jumma ke ciki, ya ce in same shi a zaure. Shawararsa ita ce a rushe benen gaba ɗaya, a fitar da shaguna ta gaban gida, Rabi ta zauna a ciki, ni in koma gidansa a Gusau. Su Jumma kuwa a kai su makarantar da aka tara 'yan gudun hijira.

"Kulu, ba don gida nika magana ba, don ranki nika yi," in ji shi. "Kin san halin da gari ka ciki. In wani abu ya hwaru cikin unguwag ga, ƙoharki za a hwara bugawa. Ke tsohuwa ta, ba ki da namiji a gida."

"Na sani, Yaya."

"To mi kika so da ginin da ya mutu? Don baƙi za ki tada shi?"

"Jumma ba baƙuwa ba ta. Nonon da munka sha munka girma, uwatta ka kawo shi. Da Baba na da rai, ina za shi aje ta?"

Ambaton Baba ne ya ɓata masa rai. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Ni za ki gaya wa abin da Baba za shi yi? To ki ji. In kinka taɓa matakalag ga, kin zaɓa. Ni ba ruwana da abin da ya biyo."

Ya fita, ko abincin da aka kawo masa bai buɗe ba. Ina so ku san wani abu: kawunku ba mugu ba ne. Tsoro yake ji mini, kuma tsoronsa yana da dalili. Na yini ranar ina juya maganarsa. Amma duk inda na juya ta, sai in ga jaririn Dije a ƙarƙashin rumfar kara ruwa na zuba.

Na aika aka kira Malam Isa magini. Tsoho ne a lokacin, bayansa ya ranƙwafa, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu ginin ƙasa a Ƙaura, kowa ya koma bulo da siminti. Ya zagaya wurin, ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya ɗebi ƙasar ya murza a tafinsa. Ya ce bangon na da rai, matakalar za ta tashi, kuma da ƙasarta za a mayar da ita, sai dai a ƙaro 'yar jar ƙasa. Azara ce matsala, don ba mai shiga daji sarar giginya yanzu. Muka shawarta a kwance rufin tsohon ɗakin dokin Baba, wanda bangonsa ya riga ya tsage, a ɗauki azarorinsa masu lafiya. Bayan kwana kaɗan ya dawo shi kaɗai, yana sosa ƙeya.

"Hajiya, samarin da ka yi min kwaɓa sun ƙi tahowa. Sun ce ba su aiki gidan da anka aje Hilani. Ni kau ƙahwahuna ba su iya tattakar ƙasa yanzu."

Jumma na zaune a bakin rumfa tana jinmu. Ta tashi ta ɗaura zanenta sama da ƙwauri.

"Malam, nuna muna yadda aka yi."

Haka muka zama leburori. Muka kwashe tsibin, muka farfasa ƙasar, muka tara ta a tsakar gida kamar rumbu. A haƙa rami a tsakiyarta a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a shiga a tattake, a rufe a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake buɗewa a tattake. Aiki ne na kashe ƙafa. Laka na riƙe mutum har ƙwauri, in ka zare ƙafa ɗaya sai ɗayar ta nutse. Ranar farko ni da Jumma da Dije ne kawai a ciki, Rabi na kallonmu daga bakin ɗaki. Da gwiwata ta ƙage na fito na zauna ina haki, sai na ji Rabi tana faɗa.

"Haba Yaya, da tsuhwanki! In kinka karye wa za shi ji da mu?"

Ta tuɓe takalmi ta shiga. Ba ta yi taku nawa ba ta yi tangaɗi za ta faɗi, ba abin kamawa kusa da ita sai hannun Jumma. Ta kama. Haka suka ƙarasa yinin, hannu cikin hannu, suna zagaya laka. Da yamma na ga Rabi ta zuba tuwo a babbar akushi ta kai rumfa da kanta.

Muka koyi cura tubali, mu jera su a rana kamar ƙwai. Malam Isa ya shafe azarorin da baƙin mai saboda gara, ya kafa su a jikin bango, ya soma jera tubali yana cikewa da kwaɓa. Ba ya gaggawa. In ya ɗora sahu ɗaya sai ya bar shi ya sha iska kafin ya ɗora wani, ni kuwa kullum idona na gabas ina duban sama. Ana cikin haka, gini ya kai wajen ƙirjin mutum, Jumma ta ja ni gefe.

"Adda, wai wa za shi zamna can bisa?"

"Ke mana, da Dije da yara."

Ta dafe ƙirji.

"Ni? Tun muna ƙanana kin taɓa ganin na hau abin ga? Mu da munka gaji kwana ƙasa tun kaka da kakanni, za ki ɗora ni bisa awa tantabara? Wallahi in na kai tsakiya jiri za shi kayar da ni."

Na yi dariya har na zauna a kan tubali na fasa shi. Makonni muna tattakar laka, ashe wadda ake yi dominta ba ta iya hawa. Amma abin ba wuya a warware shi. Na ce to ita da Dije su shiga ɗakin Inna, ni in koma sama. Ta ƙi, ta ce ba za ta fitar da ni daga ɗakin uwata ba, ga ciwon gwiwa. Na ce ai ni a kan matakalar nan na girma. Da Malam Isa ya ji ni ce mai hawa, sai ya ce in zo in ɗaga ƙafa ya gani. Ya duba iya inda gwiwata ke kaiwa ba tare da na cije baki ba, ya mayar da sauran matakan daidai nan, gajeru masu faɗi, ya ƙara mini 'yar katanga a gefe ta dafawa. In kun lura matakan ƙasa sun fi na sama tsayi, dalilin ke nan.

Gini ya kai ƙofar bene, aka sa sabon indararo mai tsawo. Saura yaɓe da daɓe, kuma nan muka tsaya cik. Malam Isa ya ce in ba a yi da makuba ba, ruwan farko zai wanke aikinmu. Makuba, ga waɗanda ba su sani ba a cikinku, ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa, ruwansa ya yi ja, a kwaɓa ƙasa da shi ta yi tauri ta ƙi ruwa. An zagaya kasuwa ba a samu ba, don shekarar ba wanda ya shiga daji kaɗar ɗorawa. Mutum ɗaya na san tana da ita jibge a bayan ɗaki, ita ce Asabe. Na yi ta jan ƙafa, har ranar da na ga hadari ya haɗu a gabas ya watse. Na yafa gyale na zagaya ta ƙofar gidanta. Ta amsa sallamata da ƙyar. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni ido cikin ido.

"Kulu, kin san wa ya kaɗo ɗorawag ga? Lawali na. Ita ta ta ƙarshe da ya kawo min. Ita kika so in ba ki, ki yi wa waɗanda sunka kashe shi ɗaki?"

Na ba ta haƙuri na fito. Da na dawo Jumma ta ga fuskata, ta matsa mini sai da na faɗa mata. Ba ta taɓa sanin abin da ya sami Asabe ba. Ta wanke ƙafafunta, ta ɗauki mayafi ta nufi ƙofa. Na bi ta ina cewa ta dawo, ba ta waiwayo ba. Ta shiga gidan Asabe, ta zauna a ƙasa nesa da tabarma.

"Ba roƙo ya kawo ni ba," in ji ta. "Gaisuwa niz zo yi. Yanzu nij ji. Allah shi jiƙan Lawali, shi ba ki haƙuri. Nawa sunanshi Buba."

Asabe ta kawar da kai, tana ta jujjuya kalwa a faifai. Har na yunƙura in ce mu tafi, sai ta yi magana ba tare da ta dube mu ba.

"An yi mashi sutura?"

"Mazan duk sun watse. Ni da matatai munka rufe shi, da sakaina munka gina ramin."

Hannun Asabe ya tsaya a kan faifan. Muka tashi muka dawo gida. Na ce wa Malam Isa a yi yaɓen haka nan, abin da Allah ya yi shi ne daidai.

Ranar da za a fara, da sassafe muna tankaɗe ƙasa, muka ji ana jan wani abu a zaure. Asabe ce, da buhu a ka, tana jan wani a ƙasa. Ta jefar da su a tsakar gida tana huci, fuska a murtuke.

"Ku kawo tukwane manya. Na san in na bar ku da ita ɓata ta za ku yi, ba wadda ta iya jiƙa ta cikinku."

Ita ta jiƙa, ita ta tace, ita ta riƙa faɗa wa kowa har Malam Isa. Shi ya yi yaɓen gefe da bango, mu mata muka yi daɓen matakan, don daɓe namu ne tun asali. A watsa tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a bi da madaɓi. Jin ƙarar madaɓai ya sa wasu matan unguwa suka leƙo, da suka ga Asabe a ciki sai suka shigo, wata ta ɗauko waƙar daɓe, saura suka amsa. Ba duka suka zo ba, kuma akwai waɗanda har yau ba sa shiga gidana. Amma kafin azahar matakalar ta yi ja, tana sheƙi kamar bayan tulu. Allah da ikonsa ya riƙe ruwa har ta bushe.

Yaya Ummaru ya cika maganarsa. Bai sake taka gidan nan ba, in na kira shi gaisuwa ce kawai a gajarce, sallah ta zo ta wuce ba aike. Wannan ya ci mini rai fiye da yadda na nuna muku, don shi ya goya ni ina ƙarama. Da ciwonsa na ajali ya tsananta na tafi Gusau na zauna a gefen gadonsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce,

"Kulu, matakalat tana nan?"

"Tana nan, Yaya."

"Mutanen naki hwa?"

"Suna nan lahiya. Yaran sun shiga makaranta."

Ya gyaɗa kai, ya laluɓo hannuna ya riƙe, bai sake shi ba har barci ya ɗauke shi. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Don haka ina roƙonku, kada ɗayanku ya riƙe 'ya'yansa da wani abu. Ku je gidajensu, ku kai musu yaranku su san juna. Abin da ya shiga tsakanina da yayana mun rufe shi da hannunmu.

Amma ranar da na fi so ku sani ita ce washegarin ruwan farko. An yi ruwa mai ƙarfi, na kwana a bene ina jin indararo na watsa shi can tsakar gida. Da gari ya waye na fito na taɓa matakan ɗaya bayan ɗaya, ko ɓarɓashi bai zube ba. Da hantsi Asabe ta shigo, ta ce ta zo ta ga ko makubarta ta riƙe. Ta hau tana buga kowane mataki da dunduniya har ta iso inda nake. Muna tsaye a farfajiya muna duban gari ya wanku, sai muka ji yara sun fashe da ihu a ƙasa. Muka leƙa. Jumma ce ke tahowa da rarrafe, hannu da gwiwa, idonta a rufe, bakinta na ta salati. Da ta iso muka kama ta muka zaunar. Ta daɗe kafin ta buɗe ido. Da ta buɗe, ta dubi arewa, inda hanyar Moriki ta miƙe a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa har ta ɓace a itatuwa. Asabe kuma ta juya tana duban wajen Kurya. Ni kuwa na bar su.

Saukowa ce ta zama aiki. Jumma ta leƙa ƙasa sau ɗaya ta ce ita kam a nan za ta ƙare rayuwarta. Na lallashe ta, Rabi ta yi ta kiranta daga ƙasa, ta ƙi motsi. Sai Asabe ta gyara ɗaurin zanenta, ta sauka 'yan matakai, ta juyo.

"Juyo da baya, Bahillata. Miƙo ƙahwag ga. Ni ba ni hawa da tuwo in kawo maki bisa kullum."

Ta kama idon sawun Jumma ta ɗora shi a kan mataki, ta kama ɗayan ta ɗora, tana yi tana mita, Jumma na salati, har suka kai ƙasa. Da ƙafar Jumma ta taɓa tsakar gida ta zube a zaune ta ce a shaida ta hau sau ɗaya, kuma ta gama har abada. Asabe ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu, tana so ta ci gaba da faɗa. Sai dariya ta ƙwace mata. Rabon da in ji dariyar Asabe tun Lawali na da rai.